Guduma da Iƙamar Yaya Haruna

Idan aka tara duk makaɗan da garin Jidda ya taɓa haifa aka ce a fitar da wanda ya fi kowa nauyin hannu, ba sai an ɓata lokaci ana zaɓe ba, mahaifinku ne. Ni na kafa Guduma, ƙungiyar farko ta 'ya'yan Hausawa da ta kaɗa rok mai nauyi, kiɗan Turawan nan mai ƙara, a wannan gari, kuma ranar da muka fito fili kifayen Bahar Maliya sai da suka yi ƙaura zuwa gaɓar Sudan, ba su dawo ba sai bayan mako biyu. Haka nake gaya muku tun kuna hawa cinyata, haka nake gaya wa abokanku in sun zo cin abinci. Sai dai tun da kuka tono kaset ɗinmu a intanet kuka fara yi wa mutane alfahari da ni, na ga gara in ƙara muku abin da na saba tsallakewa. Fitowarmu fili sau ɗaya ce tak. Waƙoƙinmu huɗu ne, ta huɗun ma ba mu san yadda ake ƙarasa ta ba. Sannan akwai mutumin da bai taɓa riƙe jita ko sandar ganga ba, amma a kansa Gudumar ta sauka. Baffanku Haruna ne, wanda kuke kira Ammu na Kano, kuke tambayata me ya kai shi can alhali a nan unguwar Nuzla aka yanke masa cibiya.

Lokacin ina da shekara ashirin da biyu, ina aikin walda a wata warsha, wato shagon aikin ƙarfe, a bayan kasuwar Nuzla, muna ƙera ƙofofi da tagogi da tankunan ruwa. Mai warshar wani tsoho ne ɗan Yaman, wanda shekara talatin na bugun ƙarfe suka cinye masa kunne ɗaya da rabi. Babban mai waldarmu kuwa ɗan Filifin ne mai suna Lito, gajere, mai dariya da dukan jikinsa, yana da wata rikoda da ya ɗaɗɗaure da waya don kada ta tarwatse. Wata rana ya saka wani kaset da ɗan'uwansa ma'aikacin jirgin ruwa ya kawo masa. Da farko na ɗauka rikodar ce ta kama da wuta. Jita tana kuka kamar ana yanka ta, wani Bature yana ihu kamar tirela ta taka masa yatsa, ganga kuma tana dukan ƙirjina ta ciki. Na ajiye abin walda na tsaya. Duk kiɗan da na sani kafin nan, na biki ne ko na rediyo, kiɗa ne mai lallashin mutum. Wannan kuwa faɗa yake yi, ni kuma a lokacin akwai faɗa da yawa a cikina da ban san da wa zan yi shi ba. Ku ma a nan aka haife ku, kun san abin da nake nufi. A yi maka magana a titi kamar jiya ka sauko daga jirgi, ka sunkuyar da kai ka wuce. Tun muna yara abin da aka koya mana ke nan: yi magana a hankali, kada ka tara jama'a, kada a san kana nan. Sai ga kiɗan da duk aikinsa shi ne a san kana nan.

Ilu a wurin mai shayi na same shi. Ɗan Damagaram ne, ya zo umra shekara uku kafin nan bai koma ba, yana wankin motoci a unguwar Hindawiyya, ba shi da takarda ko ta ƙunsa gyaɗa. A gidansu garaya suka gada. Da Lito ya miƙa masa tsohuwar jitar lantarki da muka samo a haraj, kasuwar kayan gwanjo, sai ya jujjuya ta, ya kwance tsirkiya biyu ya ce sun yi yawa, ya fara kaɗa ta yadda ake kaɗa wa mafarauta garaya. Lasifikarmu a yage take ta gefe, duk abin da ya shiga cikinta da gurnani yake fitowa. Lito ya dafe kai ya ce duk cikin kaset-kaset ɗinsa babu irin wannan. Usman kuma Bahaushen Sudan ne, yana aiki a kantin kayan gini, yana da muryar da in ya kira ka daga Nuzla za ka amsa a Makka. Shi ke waƙa, rabi Hausa rabi Larabci, a kan zafin rana da jiran motar ruwa da kafili, ɗan ƙasar da ke tsaya wa baƙo ya sami izinin zama, wanda ba ya ɗaga waya. Lito ya riƙe babbar jita mai kauri. Ni kuma ganguna, biyu na gaske daga haraj, babbar kuwa rabin duro ce na yanke na ɗaura mata fatar raƙumi. Sunan Guduma Ilu ne ya raɗa, don ya ce abin da nake yi ba kiɗa ba ne, gyaran mota ne.

Matsalar ita ce wurin yi. Kiɗa irin wannan a wancan zamani ba abin da za ka yi a sarari ba ne, ga kuma Ilu da ko tari mai ƙarfi ba ya yarda ya yi a titi. Sai muka ɓullo da dabara. Bayan la'asar, lokacin da kowace warsha a layin ke aiki, sai mu ja ƙofar ƙarfe ƙasa, mu kunna injin yankan ƙarfe, mu ɗaure shi a jikin wani tsohon bututu ya yi ta kururuwa, mu kuma mu yi namu a ƙarƙashinsa. Shekara ɗaya da rabi muna haka, ba maƙwabcin da ya taɓa gane inda injin ya tsaya da inda muka fara. Da can ina ba da wannan labari a matsayin shaidar wayonmu, yanzu da furfura ta fara leƙowa na fara zargin shaidar wani abu ce daban. Mai warsha yana zaune a kujerarsa a waje da kofin shayi, ɗan abin da rabin kunnensa ya jiyo ya ishe shi ya riƙa gaya wa mutane bai taɓa samun ma'aikata masu himma irinmu ba. Da an kira magariba mu kashe komai, mu lulluɓe ganguna da buhu, mu bi sahu.

Gidanmu ɗaki biyu ne da falo a hawa na biyu. Mahaifinmu ya rasu ina ɗan shekara goma sha ɗaya, don haka Yaya Haruna, da ya ba ni shekara bakwai, shi ne uban gidan. Direba ne a gidan wani dattijo ɗan kasuwa, wanda kuma shi ne kafilinsa. Yaya mutum ne da in ya yi magana uku a yini sai mahaifiyarmu Ummi ta taɓa goshinsa ta ji ko zazzaɓi ne. Iƙama, takardar izinin zama a ƙasar, a lokacin ba kati ba ce irin naku, ɗan littafi ne mai koren bango da hoto baƙi da fari. Tasa a cikin leda take, ledar a aljihun jallabiya, jallabiyar a ƙusa bayan ƙofa. Matarsa Anti Zulai tana goyon Maryam. Ummi ta san ina wani abu, don kullum ina buga cokali a tire, ina buga gwiwa, ina buga kan tukunya. Ta ce in aljanu ne a gaya mata da wuri a nemi magani tun ba su yi iyali ba. Anti Zulai ce ke kare ni, ta ce a ƙyale Abu Dausha, wato sarkin hayaniya, ai gidan da akwai Haruna a ciki yana bukatar wanda zai riƙa nuna cewa da mutane. Ita ta laƙaba min sunan, kuma a lokacin ba wanda nake shiri da shi a gidan kamarta.

Ana nan sai Lito ya zo da labari. 'Yan ƙasarsu da ke sansanin ma'aikatan wani kamfani a arewacin gari za su yi wa wasu abokansu bankwana ranar Alhamis bayan la'asar, a cikin katangarsu inda ba mai shiga musu, kuma suna so mu zo. Ba inji, ba rufe ƙofa. Na tashi na rungume shi har ƙafarsa ta bar ƙasa. Sai ya ƙara da cewa a ƙofar sansanin kowane baƙo sai ya ajiye iƙamarsa wurin mai gadi, in zai fita ya karɓa. Duk muka juya muka kalli Ilu. Ya yi murmushi ya ce mu je kawai, shi zai jira labari a wurin mai shayi. Amma Guduma ba Ilu, ai ni ne kawai da rabin duro.

Aron iƙama ba baƙon abu ba ne a Nuzla a wancan lokaci, kuma ina gaya muku ne don ku sani, ba don ku gwada ba. Mace za ta je asibiti, ko mutum zai bi hanyar da ake tsayarwa, sai a nemo wanda suka ɗan yi kama. Abin da ya sa yake yiwuwa shi ne yawancin masu dubawa in sun ga baƙar fuska a ɗan hoton nan mai duhu, suka ɗaga kai suka ga baƙar fuska, magana ta ƙare. Abin da ke ƙona mana rai kullum, a nan shi ke yi mana rana. Amma abin yana da ƙa'ida, kuma tsofaffin unguwa ba sa wasa da ita. Mai littafin ne zai ba ka da hannunsa, ya zauna a gida ranar. Sannan kwana biyu kafin nan kowa zai daina kiran mai aron da sunansa, a riƙa kiransa da sunan da ke cikin littafin, ta bayansa, yana cin abinci, yana gyangyaɗi, har sai ya fara waiwayowa ba tare da tunani ba. A sa shi ya haddace sunan uba da na kaka da na kafili. Ilu da Yaya tsawonsu ɗaya, duk masu doguwar fuska ne, ba mai tsaga a cikinsu. Ranar Talata da yamma na sami Yaya a bakin ƙofa yana goge takalminsa na aiki.

“Yaya, iƙamarka nake so ka ara min ranar Alhamis. Awa uku kawai.”

“Wa ke rashin lafiya?”

“Ba kowa. Ɗan wasa za mu yi.”

Ya ci gaba da goge takalmin har na ɗauka ya manta ina tsaye. Sannan ya ce, “Tanimu, wannan littafin shi ne ɗakin da Maryam ke kwana a ciki. Ba na bayar da shi a yi wasa.”

Na san Alhamis ɗin Yaya kamar yadda na san tafin hannuna. Rabin yini yake aiki, ya dawo ya ci abinci, ya kwanta, ya tashi ya je masallacin da ke jikin gidanmu, ya dawo ya zauna da rediyo. Ba inda zai je da za a tambaye shi takarda. Yana barci na sa hannu a aljihun jallabiyar. Sai da muka hau a-kori-kurar da muka loda kaya sannan na miƙa wa Ilu ledar, na ce Yaya ya amince. Ilu ya ce to me ya sa sai yanzu, yaushe za a kira shi da sunan har ya saba? Na ce suna ɗaya ne, Haruna, halas, shi ke nan, ko akuya za ta riƙe. Usman ya ce shi abin bai kwanta masa ba. Na ce wanda ke waƙar zagin kafili ne yau ya zama malami? Aka yi dariya, aka wuce wurin. A ƙofa mai gadin wani saurayi ne da jarida a hannu, ya karɓi littattafan ya watsa a aljihun tebur ko buɗewa bai yi ba. Na kashe wa Ilu ido.

A filin ƙwallon kwando aka yi. Na saba ce muku mutum dubu biyar ne. Usman ya ce sittin ne, har da masu dafa abinci. Abin da ba zan ƙara wa gishiri ba shi ne yadda na ji da Ilu ya ja tsirkiyar farko, ba inji a kanmu, ba rufi, sautin ya tafi har ya bugi katanga ya dawo. Ranar muka fara jin kanmu. Mutanen da ba su san kalma ɗaya ta Hausa ba suka hau kan kujeru suna amsa wa Usman waƙar motar ruwa, don su ma sun san jiran. Wasu 'yan Sudan masu shara suka ajiye tsintsiya suka shigo tsakiya. Na kalli Ilu, idonsa a rufe, ya ɗaga kai sama, mutumin da fiye da shekara huɗu yake tafiya a jikin bango, yau ga shi a tsakiyar fili yana so a kalle shi. Da muka shiga waƙa ta huɗu muka yi ta zagaye ba mafita, kowa na jiran wani ya tsaya, sai da Lito ya sa ƙafa ya fizge wayar lantarki. Suka ɗauka haka aka tsara, suka yi ta tafi. Minti ashirin da biyar ne duka. In aka cire ranakun da aka haife ku, ban sake samun minti ashirin da biyar irinsu ba. Wani abokin Lito yana gefe da rikoda yana ɗauka, shi ne kaset ɗin da kuka ji.

Da muka zo fita, an canja mai gadi. Wani dattijo ne baƙi kamarmu, da tabarau a kan hanci, ga kuma shugaban masu gadin a tsaye kusa da shi. Shi ba ya miƙa littafi haka kawai, suna yake kira. Ya kira Usman ya karɓa, ya kira ni na karɓa. Ya kira Haruna. Ilu yana bayan mota yana kwatanta wa Lito yadda yatsansa ya kusa kuskurewa, yana dariya. Dattijon ya sake kira. A na uku na kai masa gwiwar hannu, ya zabura ya zo da sauri. Dattijon ya kalli hoton, ya kalli Ilu, ya sake kallon hoton. Kallo na gaske ya yi masa, irin wanda muka yi shekaru muna ƙorafin ba a yi mana. Ya tambaye shi sunan kakansa. Ilu ya juyo ya kalle ni. Dattijon ya rufe littafin a hankali, da alama shi ma ba ya so, ya miƙa wa shugabansa. Kafin a ankara Ilu ya ja baya ya shige cikin jama'a, mutanen Lito suka ɓoye shi, washegari suka fitar da shi a motar burodi. Ni da Usman aka riƙe mu awa guda, muka ce ɗan dako ne muka ɗauka a hanya, ba mu san shi ba. Aka sake mu. Littafin kuwa aka ce zai tafi inda ya kamata.

Bayan magariba na shiga gida na tarar da Yaya zaune da jallabiyar a kan gwiwarsa. Tambaya ɗaya ya yi min, tana ina. Na faɗa masa duka. Bai ɗaga murya ba, bai ma kalle ni sosai ba. Anti Zulai ta ɗauki Maryam ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa. Ummi ta tashi ta shimfiɗa darduma alhali ta riga ta yi salla.

Ranar Asabar kafilin Yaya ya zo da kansa. Tsoho ne mai ciwon gwiwa, bai taɓa hawa benenmu ba sai ranar. Ya zauna a kan kafet, ni ke zuba shayi, Ummi tana bayan labule. Ya ce magana ta wuce hannunsa, amma akwai ƙofa ɗaya da ta rage. In sace littafin aka yi, aka faɗi wanda ya sata aka miƙa shi, Haruna ya fita fes. In kuwa aro aka bayar, ba abin da zai iya, sai fita daga ƙasar.

“Ya Haruna, shekara tara kana tuƙa 'ya'yana. Gaya min wanda ya ɗauka, sauran nawa ne.”

“Ba wanda ya ɗauka, ya Ammi. Ni na bayar.”

“Kai da ko makullin mota ba ka taɓa ba wani ya riƙe maka ba?”

“Ni na bayar.”

Tsohon ya juyo ya dube ni, sau ɗaya, ya daɗe. Butar shayi na hannuna. Maganar tana bakina, kalma biyu ce, ni ne. Shekaru da yawa ina gaya wa kaina Yaya ne ya harare ni ya hana ni. Ƙarya ce, ko inda nake bai duba ba. Tsoro na ji. Na hango gidan yari, na hango jirgi, na hango ƙasar da ban san kowa a cikinta ba. Na sunkuya na ƙara wa tsohon shayi a kofin da bai ko taɓa ba. Wannan shi ne abin da nake so ku sani game da mahaifinku, ku ajiye shi kusa da labarin kifaye. Daga baya Ummi ta gaya min abin da Yaya ya ce mata, wai mai ba da aro jirgi kawai zai hau, ɓarawo kuwa sai ya fara zaman kurkuku, kuma Tanimu da bakin nan nasa ba zai yi mako guda a can ba tare da an karya shi ba.

Cikin mako shida suka tafi, shi da Anti Zulai da Maryam, zuwa Kanon da bai taɓa gani ba sai a hoton kalanda. Hausarsa cike da yalla da halas, 'yan tasha suka yi ta kiransa Balarabe, shi da a nan ba wanda ya taɓa kiransa haka. Ranar tafiya Anti Zulai ta yi sallama da kowa a benen har da kyanwar maƙwabta, ni ta wuce ni. Yaya ya ba ni hannu ya ce maganin hawan jinin Ummi da safe ake sha, ba da yamma ba. Ummi ba ta taɓa yi min faɗa a kan maganar ba, da ma ta yi. Abin da ta yi shi ne, duk lokacin da alhazai za su koma sai ta buɗe kwalin kaset-kaset ɗina na Turawa ta zari ɗaya, ta ce in danna mata rikoda, ta ɗauki saƙon baki zuwa ga Yaya a kai. Ina zaune ina riƙe da rikodar tana tambayarsa ko yana cin abinci, ko Maryam ta fara tafiya, ko sauro bai dame su ba. Ɗaya bayan ɗaya ta cinye kwalin. Shekara goma sha ɗaya tana haka. Da farko an hana shi shigowa, da hanin ya ƙare kuma hali bai yi ba. Ta rasu bai gan ta ba, ni na shiga kabarin na karɓe ta a madadinsa.

Guduma ba ta sake kiɗa ba. Ilu ya zo warsha sau ɗaya, ya tsaya daga bakin ƙofa ya ce na ce masa Yaya ya amince. Ya juya ya tafi. Shekara ta zagayo ya je ya zauna a ƙarƙashin gadar nan da masu son a mayar da su gida ke taruwa, aka kwashe shi. Na ji yana can Damagaram yana kiɗan biki da jitar lantarki mai tsirkiya huɗu, har yana da almajiran kiɗa. Lito ya koma ƙasarsu. Usman kun san shi, shi ne mai sayar da turaren nan a Waziriyya mai gemu har ƙirji, wanda in kuka ambaci Guduma sai ya nemi tsari ya ce bai san zancen ba, amma ku lura da ƙafarsa a ƙarƙashin kanta. Rabin duron nan na mayar da ita murhun gawayi, ita kuke gasa nama a kai da salla.

Kaset ɗin ne ya ƙi mutuwa. Aka yi ta kwafarsa daga hannu zuwa hannu, ba suna, sai zanen guduma da wani ya yi da biro. Shekara kusan ashirin bayan nan ina tsaye a danja sai na ji muryar Usman tana fitowa daga motar wasu samari, na kusa bugar ta gabana. Ashe akwai samarin Hindawiyya da Waziriyya da ke haya gidan hutu a bayan gari suna kiɗa, kuma duk mai jitarsu sai ya cire tsirkiya biyu, don sun ɗauka wata babbar hikima ce. Har lasifika sabuwa suke sa wa wuƙa su yaga don ta yi gurnani irin tamu. Wasu cikinsu Hausa sai dai su ji, ba sa iya mayarwa, amma waƙar motar ruwa sun haddace ta tsaf, ɗaya ma ya ce min saboda ita ya koma yana zama wurin kakarsa yana tambayarta ma'anar kalmomi. Da suka gano ni suka zo warsha su bakwai, suna sumbatar kaina suna Ammu, Ammu, da gaske ne kaza? Na ce da gaske ne, har na ƙara musu da cewa hasumiyar filin jirgi ta aiko a rage sauti. Ba zan ɓoye muku ba, daɗi nake ji. Ban gaya musu labarin ƙofar sansanin nan ba.

Bara Yaya ya zo umra, kun gan shi, gemu fari fat, Maryam ce ta kawo shi da 'ya'yanta biyu. Anti Zulai ta aiko min da yaji da kuka, a kan ledar an rubuta Abu Dausha, na shiga banɗaki na daɗe. A rana ta uku bayan azahar, kun fita da yaran, muka rage ni da shi a falo. Na fara maganar da na yi shekara ashirin da huɗu ina shiryawa. Bai bar ni na kai rabi ba. Ya ce wannan ya wuce tun tuni, yana da gidansa, yana da motocinsa biyu, 'ya'yansa ba wanda ke tambayarsu takarda a titi. Ya ce abu ɗaya ne bai wuce ba, jana'izar Ummi, kuma wannan ba ni da maganinsa, shi ma ba shi da shi. Can sai ya ce Maryam ta gaya masa wai abin namu yana cikin waya yanzu, shi kuwa bai taɓa ji ba ko sau ɗaya, in kunna masa.

Na kunna. Ya ɗora hannuwa a gwiwa ya saurara tun daga farko har inda Lito ya fizge waya, bai motsa ba. Ni kuwa tun a waƙa ta biyu na manta da hawayena, ina kaɗa kai, ina nuna masa, ji nan Yaya, nan ni ne, nan ma ni ne. Da tafin ya ƙare ya ɗan jira ko akwai saura.

“Shi ke nan?”

“Shi ke nan, Yaya.”

Ya ɗauki kofin shayinsa ya kurɓa, ya ajiye.

“Shekara ashirin da huɗu, duk wanda ya tambaye ni a Kano me ya dawo da ni, ce masa nake ƙanena babban makaɗi ne, shi ya sa. Ashe ma ba ku iya ba.”